Ranar da Cakulan Ya Narke a Zanin Inna Lantana

Duk zannuwan Inna Lantana, sabo da tsoho, haɓarsu ta hagu a cukurkuɗe take. Ko an wanke, ko an kai wa mai guga ya danna dutsen gawayi a kai, ba ta miƙewa. Haka take zama a tamuke kamar busasshen ganye, da ɗan duhun maiƙo wanda sabulu ya gaji ya ƙyale. Mutanen Tsafe ba su cika lura da wannan ba. Abin da suka sani a jikinta shi ne damtse.

In ana biki ko suna, ita ake kira ta tuƙa tuwo. Tukunyar da mata uku ke yi wa karɓa-karɓa, ita kaɗai take tsayawa a kanta, ta ci ɗamara, ta rungumi muciya, ba ta saki sai tuwon ya yi sumul babu gudaji ko ɗaya. Idan an gama, a ba ta abin da ake ba duk mai aikin biki: alkaki biyu, dubulan, ɗan curin nakiya, tsokar nama, wata rana har da alewar madara. Sai ta ce madalla, ta ɗan juya baya, ta ƙulle a haɓar zani, ta soke a ƙugu. Babu wanda ya taɓa ganin ta kai ko ɓalli bakinta. In an matsa mata, amsarta ɗaya ce.

"Ni zaƙi bai karɓe ni ba."

Haifaffiyar Tsafe ce, a unguwar da ke gindin dutse. An kai ta Gusau amarya a shekarar da aka gama yaƙin basasa. Mijinta, Malam Buba, ma'aikacin reluwe ne, yana bin layin dogo da guduma yana duba inda ƙarfe ya saki. An ba su ɗaki ɗaya da baranda a kwatas ɗin ma'aikata, inda gida goma sha biyu ke shan famfo guda. A bakin famfon nan ta samu ƙawayenta biyu na duniya. Wata safiya Kulu, 'yar Bungudu, ta ture bokitin Asabe, matar Elisha makaniki, 'yar Kagoro, ta ce ita ta riga zuwa. Faɗa ya kaure har ɗankwali ya faɗi. Lantana ce a gaban layi. Sai ta janye tulunta ta koma baya, ta bar musu famfon su biyu. Kunya ta kama su, suka tsaya suna kallon ruwa yana zuba a ƙasa, babu wadda ta iya tarawa. Daga ranar suka zama su uku.

'Ya'yanta na cikinta huɗu ne. Sai yayarta ta rasu ta bar uku, ta je ta kwaso su, ƙaramar cikinsu, Hadiza, ko arba'in ba ta yi ba. Ƙanen Malam Buba kuma ya aiko da nasa biyu daga ƙauye don su yi makaranta. Tara ke nan a ɗaki ɗaya da baranda. A nan ƙullin ya samo asali. Duk inda ta je, yaran sun san ba za ta dawo hannu sake ba. Tun daga ƙofa take cewa, "Ku zo," su kewaye ta a tabarma. Ta kwance ƙulli a kan faifai, ta ɗauko 'yar wuƙa, ta raba alkaki biyu gida tara. Ƙarami ne ke fara zaɓa. Wanda ya yi kuka shi ne na ƙarshe. Akwai wanda har tsinken tsintsiya yake karyowa ya auna, ya rantse nasa ya fi ƙanƙanta, gardama ta tashi, ita kuwa tana zaune tana kallonsu kamar mai kallon wasa. Da sun ce, "Inna, naki fa?" sai ta ba su amsar da take ba kowa, su kuwa suka yarda, don yaro ba ya bincike a kan abin da ya ƙara masa rabo.

Malam Buba ya yi ritaya, suka dawo Tsafe. Shekara biyar ke nan da rasuwarsa. Yaran suka girma suka watse ɗaya bayan ɗaya, wannan Kano, wancan Funtuwa, wata Ƙaura, ɗaya ya shiga soja. Hadiza ce ta rage. Ta gama kwalejin horon malamai, ta kawo wanda take so, shi ma malamin makaranta, aka ɗaura aure bayan ƙaramar Sallar 1998, aka kai ta Zariya. Inna Lantana ce ta tuƙa tuwon bikin da hannunta, kuma ba ta yi kuka ba har motar amarya ta tashi.

Kwana tara bayan haka aka yi suna a unguwarsu. Ta je ta tuƙa, aka ba ta nata, ta ƙulle, ta kamo hanya. Ta shigo zaure, bakinta ya ce, "Ku zo," kafin ta tuna. Akuya ce kawai ta ɗago kai. Ta daɗe a tsaye a tsakar gida. Daga baya ta leƙa waje ta kira yaran maƙwabta ta ba su. Suka karɓa hannu biyu, suka ce an gode, suka ruga. Yara masu ladabi, babu wanda ya tsaya ya yi gardama.

Tun daga ranar ta daina fita. Aka aiko daga gidan liman, ta ce guiwa. Aka aiko daga gidan sarkin fawa, ta ce guiwa. Babbar Sallah ta zo ta wuce, ba ta taka ko gidan maƙwabta ba. Mata suka fara kiran wata ta tuƙa musu, suna ci suna tsince gudaji. Ita kuwa ba tuƙin take gudu ba, dawowar take gudu. Ta san in ta je za a ba ta, in an ba ta za ta ƙulle, in ta ƙulle sai ta shigo zauren nan da shi. Wuyanta ya fara ramewa, zoben azurfarta ya soma juyawa a yatsa.

Asabe ta aiko direban motar haya da saƙo sau biyu, cewa ta zo Gusau ranar Asabar ɗin bayan Ista, akwai abin da 'yarta Grace ke so a gani. Sau biyun ta mayar da gaisuwa da batun guiwa.

Ranar Asabar da hantsi, tana zaune a inuwar rumfa, ta ji sallama kamar ana kiran kasuwa.

"Salamu alaikum! Masu gidan ga sun mutu ne ko suna nan?"

Hajiya Kulu ce, ta cika ƙofa, gumi har ya jiƙa mayafi.

"Maraba da Hajiya. Daga Bungudu, da wannan ranar?"

"Na wuce Gusau ina kallon ta, na biyo ki har nan. Ga wahalar mai. Wajen Kwatarkwashi sai da munka sauka munka tura mota, ni da girmana. Tashi mu tahi."

"Hajiya, guiwar nan…"

"Wace? An ce mani ranar gidan liman ta dama ce, ranar gidan sarkin fawa ta koma hagu. Yau ina ta kwana?"

Inna Lantana ta sunkuyar da kai tana murmushi.

"Ke Lanti, ɗiyar da kika goya a bayanki ce ke kiranki. Ko in koma in ce mata kin ce ba ki zuwa?"

Wannan ce ta tashe ta. Ta shiga ɗaki ta ɗauro atamfarta ruwan ganye, ta kulle gida.

Gidan Asabe yana Sabon Gari, ɗan madaidaici mai bishiyar gwaba a tsakar gida. Asabe ta tarye su tun daga ƙofa, ta rungume Lantana, ta ja baya ta dube ta sama da ƙasa, ta buɗe baki za ta yi magana, ta fasa.

"Ina Elisha?" in ji Kulu.

"Na kore shi. Na ce yau gidan na mata ne, ya je ya nemi inda zai zauna har yamma."

Grace ta fito daga kicin ta durƙusa ta gaishe su. Ta kusa talatin yanzu, doguwa kamar ubanta. Ta yi shekara biyu a Kaduna tana koyon girkin zamani. Tun da Gusau ta zama hedikwatar jiha ma'aikata suka cika gari, matansu suna neman kek na biki da na zagayowar haihuwa, sai an aika Kaduna ko Kano. Shi ne take so ta buɗe ɗan shago. Kafin ta buɗe, ta ce sai iyayenta sun ɗanɗana, don su ne ba za su yi mata ƙarya ba.

Ta kai su falo. An jawo teburin cin abinci tsakiya, an shimfiɗa farin ƙyalle, kuma duk abin da ke kai launinsa ɗaya, launin jar ƙasa bayan ruwan sama. Kek ne mai hawa biyu a tsakiya yana ƙyalli. Ga dabino da aka cire wa ƙwallo, aka cusa gyaɗa, aka tsoma a cakulan. Ga wasu 'yan ƙanana masu kusurwa huɗu an jera a tire kamar tubali. Wani kwano yana zaune a cikin ruwan zafi, cakulan ne narkakke a ciki, an kewaye shi da yankakkiyar ayaba da biskit. A gefe, jug na madara da cakulan ya fito daga firji yana raɓa. Ƙamshin ya cika ɗakin, wani ƙamshi mai nauyi wanda Inna Lantana ba ta san inda za ta ajiye shi ba, bai yi kama da na suya ba, bai yi kama da na turare ba.

Kulu ta matsa ta leƙa kek ɗin.

"Ke Grace, ƙonewa ya yi?"

"A'a, Mama, haka launinsa yake."

"To. Ba dai abin maye a ciki?"

"Kulu!" in ji Asabe. "Shekara ashirin da takwas kina lashe tukunyata, yau ne za ki tambaye ni?"

"Tukunyarki na sani. Wanga ko daga Kaduna ya hito."

Suka zauna a kushin, Lantana a kan wanda Asabe ta yi wa farar saƙa da hannunta. Grace ta nuna jerin faranti da cokula a bakin tebur.

"Bismillah, Mama. Kowa ya ɗauki faranti ya zuba abin da yake so."

"To, madalla," suka ce a tare. Babu wadda ta motsa.

Ai baƙuwa ba ta tashi ta buɗe abincin mutane ta ɗiba. A kawo mata a rufe, a ajiye a gabanta, mai gida ta ba ta wuri, sannan ta ci. Haka suka tashi suka gani, haka Asabe kanta ta saba yi musu. Ita Asabe ma, da ta ji an ce bismillah, sai ƙafarta ta kai ta kicin don ta ba baƙi wuri. Grace ta tsaya a jikin bango ta harɗe hannu, a zatonta hutawa suke yi. Su kuma suna jira ta zubo. Kulu ta tambayi Lantana labarin Hadiza, ta ce lafiya lau, ta aiko da wasiƙa. Aka yi zancen zafi, aka yi zancen mai, aka yi zancen wanda ya rasu a kwatas. Kulu ta saci kallon tebur ta haɗiye yawu. Can aka ɗauke wuta, fanka ta yi juyi uku ta tsaya. Saman kek ɗin ya fara sheƙi fiye da da, gefe ɗaya ya soma gangarowa a hankali.

Idon Grace ya kawo ruwa. Kulu ce ta gani.

"Ke ɗiya, mi aka jira?"

"Ku nake jira, Mama."

"Mu? Mu tashi mu faɗa ma tebur da kanmu, kamar kaji sun ga shanya?"

"Haka ake yi. A manyan otel na Kaduna haka ne. Kowa ya je ya zaɓi abin da ransa ke so, in ya cinye ya koma. Babu mai kallon farantin wani."

"In ya cinye ya koma?"

"Ko sau goma."

Kulu ta dafa guiwa ta miƙe, ta yar da mayafi a kujera. "Ashe Kaduna akwai hankali. Asabe! Hito daga ɓoyo, ɗiyarki ta kawo sabon addini."

Inna Lantana ce ta tashi daga ƙarshe. Ta riƙe farantin a ƙirji ta tsaya gaban tebur. Idonta bai tambaye ta abin da take so ba, aikinsa ya kama. Kek ɗin nan zai murmushe a hanya. Na kwanon ruwa ne. Ayaba za ta yi baƙi. Ta ɗauki dabino huɗu da 'yan tubalin nan biyar, masu ƙwari, masu jure tafiya, ta koma ta zauna. Kulu da Asabe sun ba ta baya suna gardama a kan wa zai fara yanka kek. Hannunta ya jawo haɓar zani, ya juye, ya ƙulle. Sai da ta ja ƙullin ya ɗaure tamau sannan ta ga abin da ta yi. Ta so ta kwance, Grace ta waiwayo. Ta yi sauri ta soke shi a ƙugu, ta ɗora farantin a cinya, ta riƙe cokali.

Ci ya kankama. Kulu ta tsoma ayaba a kwano, ta kai baki, ta yi shiru na ɗan lokaci, abin da ba a saba gani ba.

"La'ilaha illallahu. Asabe, da wanga abu a duniya kika bar mu muna shan kunun kanwa?"

"Ni ma bara na san shi."

"Da ɗaci-ɗaci kamar goro, sai kuma ya juya maka. Munafukin abu ne. Ƙaro mani."

"Tashi ki ƙara da kanki. Ba ki ji doka ba?"

Ta tashi sau uku. A na ukun cakulan ya rufe haƙorinta na Makka, tana magana kamar mai wawulo, Asabe ta yi dariya har ta ƙware, Grace ta bubbuga mata baya. Suka tuno matar sitashan masta da ta taɓa yin kek a tukunyar yashi ya fito kamar dutsen niƙa. Suka tuno ranar da jirgi ya kwana a tasha da buhunan sukari, ɗaya ya yage, yaran kwatas suka kwana ciwon ciki. Inna Lantana tana dariya tare da su, tana juya cokali a farantin da babu komai. Ɗakin ya ɗauki zafi kamar tanderu. Ta ji wani ɗumi a ƙugunta, ta ɗauka gumi ne.

Grace ta zo ta durƙusa a gefenta. "Inna, yaya kika ji?"

"Ya yi. Allah ya yi albarka."

"Wanne ya fi?"

"Duka."

Grace ta dubi farantin, fes kamar an wanke, ta dubi Inna.

Aka kira azahar a masallacin bayan layi. Inna Lantana ta miƙe za ta nemi buta. Kulu ta ɗago kai, cokali ya tsaya mata a hanya.

"Innalillahi! Lanti, tsufan har ya kai nan?"

Daga ƙugu har guiwa, atamfar ruwan ganye ta rine. Wani baƙin shaci ne mai danƙo ya gangaro, ya bi ta gefe, kuma a kan farar saƙar Asabe ga tambarinsa nan faɗin tafin hannu biyu. Asabe ta sunkuya ta shinshina.

"Dabino ne," ta ce. "Da gyaɗa."

Kulu ta faɗi a kushin tana tuntsira dariya, tana buga cinya. "Ɓarauniya! An ce ki ci ko sau goma, ke sai kin sata! Wallahi hali zanen dutse. To ke yanzu wa za ki kai ma?"

Maganar ta riga ta fita. Kulu ta kama bakinta da hannu.

Inna Lantana ta koma ta zauna a bakin kujera, tana kallon ƙullin da ke ɗiga.

"Ban sani ba," ta ce. "Hannun ne. Riga ni yake yi."

Sai ta ba su labarin ranar sunan, da zauren, da akuyar da ta ɗago kai. A taƙaice ta faɗa, murya ƙasa-ƙasa, kamar labarin wata. Ta ce guiwarta lafiya lau take. Kulu ta matso ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarta, tana share ido da bayan hannu, tana ƙara shafa wa fuskarta cakulan.

Asabe ta jawo kujera. "Lantana, bari in gaya miki abin da na riƙe shekara ashirin. Zancen zaƙi bai karɓe ki ba, ƙarya ne."

"Asabe!"

"Ƙarya ne. Wata rana a kwatas na leƙo ta taga zan roƙi gishiri. Yara sun watse. Na gan ki kina lasar wuƙar nan da kike raba musu alkaki. Gaba da baya. Sai na koma na yi miyata babu gishiri."

Inna Lantana ta rufe fuska da mayafi. Kafaɗunta suna rawa, ba a san ko dariya ba ce ko kuka, wataƙila ita ma ba ta sani ba.

"Mi ya hana ki faɗi?" in ji Kulu.

"In faɗa yaran su ji? Wa zai ƙara cin rabonsa da daɗi?"

Grace ta tashi da sauri ta dawo da roba da ruwa da sabulu. "Inna, kawo in wanke tun bai kama ba."

Inna Lantana ta sauke mayafi. "Ki wanke me?"

"Zanin."

"Da abincin a ciki?"

Matar da ta ciyar da baki goma sha ɗaya a albashin mai guduma ba ta taɓa zubar da abinci ba. Ƙanzo ma jiƙawa take yi. Ta zare ƙullin daga ƙugu, ta kwance shi a hankali a kan faranti, da zanin a jikinta. 'Yan tubalin sun ɓace, sun zama taɓo, dabino huɗu suna iyo a ciki. Ta dube shi. Ba ya ƙulluwa, ba ya rabuwa, ba zai kai ko tasha ba, balle Tsafe.

"Shi haka yake, Inna," in ji Grace a hankali. "Ba ya son tafiya. Inda aka same shi nan ake cinye shi."

Inna Lantana ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce bismillahi, ta dangwala yatsa, ta kai baki.

Ɗacin ne ya fara zuwa, kaɗan, a gefen harshe. Kafin ta yamutsa fuska zaƙin ya biyo, da maiƙo kamar man shanu, ya bazu ya cika bakin ba tare da ta tauna komai ba. Ta ƙara dangwalowa. Ta ɗauki dabino ɗaya ta cinye shi sukutum, ita kaɗai. Ta ɗauki na biyu. Su uku suna kallonta, babu mai numfashin kirki. Ta cinye huɗun, ta kankare ƙyallen da gefen cokali har sai da zanen atamfar ya fito, ta tsotse yatsunta ɗaya bayan ɗaya. Ta ɗan yi tunani.

"Gyaɗar ba ta soyu ba," ta ce.

"Na'am, Inna?"

"Ɗanya-ɗanya take daga ciki. A yashi za ki soya, wuta kaɗan, ki yayyafa ruwan gishiri kafin ki zuba. Kuma ki nemi 'yar ƙarama, ba wannan mai ƙaton ido ba. Dabinon ma ya cika zaƙi a kan zaƙi, ki samo busasshe."

Grace ta ruga ta ɗauko biro da takarda. Kulu ta ɗaga hannu sama. "Kun ji! Mu mun ci rabin tebur ba mu ce komi ba sai ƙaro."

Aka aiki Grace ta kawo wa Inna zanin canji. Cikin sauri ta jawo na saman akwati, sai ga shi na zumuntar matan coci ne, da rubutu baro-baro. Kulu ta sake faɗuwa.

"Ɗaura, Lanti! Ɗaura ki shiga Tsafe da shi, liman ya gan ki, ya ce ashe guiwar nan ta yi nisa!"

Asabe ta fizge tana dariya, ta shiga ta fito da wata shuɗiyar atamfa. Suka yi alwala a gindin gwaba, Asabe ta shimfiɗa musu tabarma a ɗakinta kamar yadda ta saba. Da suka sallame suka fito, Inna Lantana ba ta koma kujera ba. Ta ɗauki sabon faranti ta nufi tebur. Kek ɗin ya karkace, ya zube gefe guda. Ta yanki ƙaton yanki, ta ɗebo na kwanon ta kwarara a kai, ta tsiyaya madarar da ta riga ta huce a kofi. Ta zauna a tabarma ta miƙe ƙafa ta ci. Ta koma sau biyu. Wajen la'asar babu abin da ya rage a tebur sai ɓawon ayaba, Hajiya Kulu kuwa tana kwance rigingine a siminti tana cewa a kira mata ɗan kabu-kabu biyu, babur ɗaya ba zai iya ba.

Daga kwancen ta ce, ba tare da ta dubi kowa ba, "Jikata za a kai ɗaki, Juma'a ta sama. Matan Bungudu kau kin san tuwonsu, in kin jefi kare da shi sai ya yi ƙara."

Inna Lantana tana goge baki.

"Mudu nawa za a tuƙa?"

"Arba'in."

"A jiƙa dawar tun Laraba. Kuma itacen ya zama busasshe, kada a kawo mini ɗanye ina tuƙi ina hawaye." Ta ninke mayafi. "Nawa kuma a zuba mini a kwano. A can zan ci."

Asabe ta raka su har bakin titi. Kulu ta hau motar yamma, Lantana ta hau ta gabas. Rana ta yi sanyi lokacin da ta sauka a Tsafe. Ta buɗe gida, ta ba akuya ruwa. Ta katangar maƙwabta tana jin muryoyin mata, suna ɓarar gyaɗar iri, don hadari ya fara leƙowa ta gabas kwana biyun nan. Ta ɗauki kujerarta 'yar tsugunno, ta zagaya ta yi sallama. Suka matsa mata. Ta jawo ƙwarya gabanta, ta ɗebi gyaɗa cike da hannu, ta shiga ɓarewa.